Muryar Yaya a Kwanar Asibiti

Litinin, 1 ga Satumba

Yau na koma aiki da keke, karo na farko tun rasuwar Yaya. Maman yara ta so in ci gaba da shiga bas, na ce mata ƙafafuna sun yi tsami da zama. Rabin gaskiya ke nan. Na dai gaji da ganin keken jingine a bayan ƙofa ana shanya masa tawul.

Shekara ashirin da wani abu muna tafiya aiki tare, ni a gaba, shi a baya. Ni ina ɗakin wanki na asibiti, shi yana ɗakin tukunyar tururi da ke manne da namu. A hanya shi ne idona na baya. In babbar mota ta taho sai ya ce, "Matsa gefe, Ƙarami." In mun iso kwanar asibiti, inda dole sai ka ratsa layi biyu na motoci kafin ka karya hagu, shi yake duba mana. Ko ya ce tsaya, ko ya ce shiga. Ni nawa miƙa hannu da taka feda.

Yau na iso kwanar, na miƙa hannu, sai na ji an ce, "Shiga, Ƙarami." Sarai na ji, ta kafaɗar hagu, har da ɗan gyaran muryar nan da yake yi kafin ya yi magana. Na shiga. Sai da na ɗaure keken a jikin ƙarfen bayan ɗakin wanki sannan na tuna cewa da hannuna na sa shi a kabari.

Talata, 2 ga Satumba

Ya sake. Ban gaya wa kowa ba.

Alhamis, 4 ga Satumba

Gwiwa ta dama tana damuna, ta gaba, ƙasan ƙoƙo. Na biya wajen Mai Faci da yamma. Ko taɓa ni bai yi ba, keken ya kalla ya ce sirdi ne ya zame ƙasa, ina tuƙi a tsugune kamar mai wanki a bakin famfo. Ya sa na hau na ɗora diddige a kan feda, ya yi ta ɗaga sirdin har ƙafar ta miƙe. Ya ce haka ake aunawa, in ka mayar da tafin gaba sai gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan, shi ke nan. Ya goge sarƙa, ya ɗiga mai, ya sake gogewa. Wai man da ya yi yawa yashi yake kira.

Yana wanke hannu da kananzir ya ce, "Mutumina, wa yake duba maka baya yanzu?"

Na ce Allah.

Ya ce, "Allah kam yana dubawa. Amma ai shi ya sa maka wuya."

Na yi dariya don kada ya ƙara wata tambayar. Mutumin nan bakinsa ya fi almakashinsa kaifi.

Litinin, 8 ga Satumba

Na gwada. A layin bayan makaranta, inda babu mota sai awaki. Na juya kai hagu, kan keken ya bi ni, saura ƙiris in faɗa kwata. Na sake, haka. Ashe ban iya ba. Mutum da furfura a gemu, ya cinye tayoyi sun fi a ƙirga, bai iya waiwaye a kan keke ba.

Na zauna a bakin kwatar ina tunanin yadda aka yi haka. Yaya ne ya koya mini keke, yana riƙe da sirdi yana gudu a bayana yana cewa, "Kada ka waiwayo! Kalli gabanka, ni ne a bayanka." To, na ji magana. Shi kuma bai taɓa dawowa ya ce mini an janye dokar ba.

Kuma in faɗi gaskiya, tun da wannan littafin ba ya kai gulma. Ko da na juya kan, ban buɗe ido sosai ba. Ba na son ganin abin da ke can.

Laraba, 10 ga Satumba

Mai Faci ya ɗaura mini madubi a hannun hagu, ba tare da na roƙa ba. Ya ce madubi taimako ne kawai, ba ya maye gurbin waiwaye, akwai lungun da ba ya nunawa.

Na tafi da shi yau da safe. Titi na rawa a ciki, motoci ƙanana, sai wani fili daidai bayan tayata, faɗin keke ɗaya. Wurinsa. Babu kowa a ciki. Duk inda na kai ido sai ya koma kan filin nan. Kafin in kai shataletale na sa yatsa na karkatar da madubin ƙasa, ya koma nuna mini takalmina.

A kwana ya ce shiga. Hankalina ya kwanta, har na ji kunyar yadda ya kwanta.

Asabar, 13 ga Satumba

Na je gaida Anti, matar Yaya. Kekensa na rataye a bango, tayoyi sun sace, rigarsa mai ƙyalli tana kan kariyar bayan keken yadda ya bar ta. Ya mutu a kan kujera ranar hutu, rediyo na magana, mutumin da ya ƙare rayuwarsa tsakanin tireloli. Anti ta ce in ɗauki keken in ina so. Na ce a bar shi tukuna.

Da zan tafi ta rako ni bakin ƙofa, ta ce, "Ƙanina, kana ganinsa a mafarki?" Na ce a'a. Ta ce ita ma. Ta ce har muryarsa ta fara ɓace mata, tana nema a kanta ba ta samu, sai kalmomin kawai babu sautin.

Ni kullum da safe ina samun nawa, ita ko ɗigo. Na fito ina jin kamar na saci wani abu a gidan na ɓoye cikin riga.

Talata, 16 ga Satumba

Abin da na lura da shi yau, kuma bai yi mini daɗi ba. Tun da ya dawo bai taɓa cewa tsaya ba. Ba ya cewa matsa gefe. Shiga kawai. Da yana raye tsaya ta fi yawa a bakinsa, har ina yi masa tsiya cewa da shi ne danja da ba wanda zai kai gida.

Wani mai tasi ya danna mini hon kamar zai fasa kunnena, ya leƙo ya zagi wanda ya sayar mini da keke. Iskar motarsa ta taɓa gwiwar hannuna.

Asabar, 20 ga Satumba

Jiya ne. Ina rubutu a hankali, hannun hagu na naɗe.

Na miƙa hannu, ya ce shiga, na shiga. Motar raba burodi ce. Direban ya taka birki, Allah ya saka masa, gefen madubinsa ne kawai ya ɗauke ni. Na tafi ta hagu, kaina ya bugi dutsen bakin titi, na ji ƙarar a cikin haƙorana. Fatar hannu daga gwiwa zuwa wuyan hannu ta zauna a kan kwalta.

Direban ya fito da gudu. "Baba, ko waiwaye ba ka yi ba! Hannu kawai ka miƙo ka faɗo mini!" Mutane suka taru suna neman su ɗora masa laifi, na ce ku bar shi, gaskiya ya faɗa. Wani ya kawo baƙin mai a gwangwani wai a shafa a ciwon. Mai jarida na kwanar ya ture hannunsa ya ce ga asibiti can ana gani, ba inji ba ne mutum ne.

Sista ta ɗakin gaggawa ta san ni, zannuwan gadonta ni nake wankewa. Ba ta raga mini ba. Ruwa mai yawa da sabulu, sannan ta bi tsakuwar ɗaya bayan ɗaya, ina ambaton Allah tana cewa in aka bar ƙasa a ciki ita ce za ta ruɓe. Ta shafa magani ta rufe, ta ce kada in bar shi a buɗe wai ya sha iska, a canza bandeji kullum, in ya fara zafi da ja yana yaɗuwa in dawo da gudu. Ta haska mini ido da tocila, ta tambaye ni wace rana ce, ta ce a gida a kula ko zan yi amai ko barci ya yi mini nauyi. Wuyan hannu targaɗe ne, hoto ya nuna ba karaya.

Ta juya hular kwanona ta nuna mini tsagar ciki, siririya kamar gashi. Ta ce hular ta gama aikinta, ba a sa ta sau biyu. Ta jefa a kwandon shara da kanta don ta san halina.

"Baba, ba ka ga motar ba?"

"Ban gan ta ba."

"Ka duba?"

Na ce bandejin ya matse. Ta dube ni ta sassauta, ko da yake bai matse ba.

Lahadi, 21 ga Satumba

Na gaya wa Maman yara. Tana canza mini bandeji da rana a tsakar gida, kaina a sunkuye, sai kawai maganar ta zubo. Na zaci za ta yi salati ta kira 'yan uwa a taru a kaina. Ba ta yi ba. Ta gama naɗi, ta ɗaure, ta wanke hannu.

Ta ce, "Baban yara, Yaya yana raye ya taɓa tura ka gaban mota?"

Na ce ko sau ɗaya.

"To wannan da kake ji, muryarsa ce, na yarda. Amma ba ya ganin hanya."

Na ji haushi ƙwarai, na ce me ta sani game da keke, ita da ko fedar keken ɗinki sai ta yi mata gardama. Ba ta kula ni ba. Ta shiga ɗaki ta fito da kwaɗo ta datse tayar baya. Ta ce Anti ta ishe mu misali, ba za a yi biyu a gida ɗaya ba. Keken ba zai fita ba sai ta ga na waiwaya da idonta. Ta wuce kicin ta yi ta buga tukwane.

Tsoro nake ji ta kowane gefe. In na bi shi zai kashe ni. In na duba zai tafi.

Laraba, 24 ga Satumba

Yaya ba ya shiga bas.

Juma'a, 26 ga Satumba

An ba ni aiki mara nauyi, rarraba kaya: na ɗakin haihuwa daban, na tiyata a jan buhu, na yara daban. Ninkin zanin gado sai mutum biyu, don haka Dogo, abokin ninkina, yana ta fama da wani sabo mai sakin kusurwa. Dogo ya ce tun da na faɗi zannuwa suke fitowa a karkace, in yi sauri in warke ko a kore mu duka.

Da can kafin Yaya ya sako mana tururi yakan ƙwanƙwasa bututu da sifana, don mu janye hannu daga injin guga. Wanda aka kawo a madadinsa ba ya yi, shi ƙararrawa yake dannawa kamar yadda doka ta ce. Yau da hantsi bututun ya yi ƙara, kau, kau. Na ɗago. Dogo ma ya ɗago. Muka kalli juna.

Ya ce, "Ƙarfe ne, in ya ɗau zafi yana yi."

Na ce na sani.

Muka koma aiki.

Talata, 30 ga Satumba

Daga tagar bas na kalli kwanar da kyau, abin da ban taɓa yi ba. Layi biyu, gangare kaɗan, motoci na zubowa da gudu, ga manyan motoci masu tsayin da direba ba ya ganin abin da ke gindin ƙofarsa. Wannan wurin nake ratsawa da kunne.

Amma ina kewarsa. Da safe sai in ji kamar na bar mutum tsaye a bakin hanya yana jirana, ni kuma na wuce a mota ban ɗaga masa hannu ba.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Ashe Maman yara da Mai Faci sun ƙulla. Ta je shagonsa da kanta, mace da ko gaisawa ba su cika yi ba. Ya gyara kan keken da ya karkace, ya sa sabuwar robar birki, ya karanta mata darasi, ita kuma ta zo ta karanta mini.

Da sassafe ta buɗe kwaɗo ta ce mu je filin ƙwallo. In bi farin layin gefe, kada taya ta sauka daga kai. Ita za ta tsaya a baya ta ɗaga yatsu. In ta ce duba, in saki hannun hagu in ɗora a cinya, in kai haɓa kan kafaɗa, in faɗi yatsu nawa. Wai in hannun na kan cinya ba zai ja kan keken ya bi ni ba.

Na farko na tafi cikin ciyawa. Na biyu na ce huɗu, ta ce ko hannu ba ta ɗaga ba, ƙarya a gaban Allah da safiyar nan. Na uku na kusa shiga raga. Tana ta dariya har da riƙe ciki, na ce ta zo ta hau ta nuna mana, ta ce ita malama ce, ba ta hawa.

Daga nan na daina wasa. Na hau layin. Ta ce duba. Na ɗora hannu a cinya, na juya, na buɗe ido duka.

Ita ce. Can nesa, ƙarama, da silifas, mayafi ya zame, hannu a sama. Yatsu biyu. Tsakanina da ita fili ne kawai da farin layi, ba kowa.

Na ce biyu. Ta yi tsalle kamar yarinya. Na ci gaba da tuƙi har ƙarshen filin don kada ta ga fuskata, na daɗe a can ina gyara sarƙar da ba abin da ya same ta.

Laraba, 8 ga Oktoba

Kullum kafin aiki muna zuwa filin. Wuyana ya yi tsami ta hagu. Ɓawon ciwo ya fara tashi, ƙasansa ja kamar fatar jariri, ƙaiƙayi kamar in yi hauka.

Litinin, 13 ga Oktoba

Maman yara ta ba ni makulli, da sabuwar hula, fara ƙal, wai don a riƙa hango ni. Na yi kama da tukunyar da aka kife. Ta ja igiyar har yatsa biyu kawai ke shiga ƙarƙashin haɓa. Sharaɗi: in na iso kwana na ji ba zan iya ba, in sauka in tura keken ta wurin masu tafiya a ƙasa. Ta ce ba wanda aka taɓa binnewa don ya tura keke.

Na sauka na tura. Ina turawa na ji shi a bayana, a hankali, "Shiga, Ƙarami." Gashin jikina ya tashi. Wallahi daɗi na ji.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Yau ban sauka ba. Tun daga nesa na fara shiri. Ya gyara murya. "Shiga, Ƙarami."

Hannuna har ya fara miƙewa da kansa. Na danne shi a cinya, na juya.

Tanka. Cike da ido, kusa har ina karanta rubutun gabanta, kuma ban ji ƙararta ba sam saboda gangaren. Na riƙe birki, na sa ƙafa a ƙasa. Ta wuce, tayoyi bayan tayoyi, iskarta na kaɗa mini wando.

Na ce da ƙarfi, a bakin titi, mutane na ji, "Yaya, akwai mota!"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba yana raye. Ko da ya sayar da tantabaruna muna yara ban yi ba. Na tsaya ina haki, ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa. Mutumin da ya fi kowa ido a hanya.

Duk yinin nan kusurwar zani na kuɓuce mini. Dogo ya ce ko in koma rarraba kaya.

Asabar, 18 ga Oktoba

Jiya sai da na duba, na ga babu komai, na fara karyawa, sannan ya ce shiga. A makare, ƙasa-ƙasa, kamar mai tambaya.

Talata, 21 ga Oktoba

An yi yayyafi da asuba, kwalta na santsi, na rage iskar taya kaɗan na tafi a hankali. Birki ba ya kamawa da wuri in an jiƙe, sai ka fara tun da nisa.

Na iso kwana. Hannu a cinya, haɓa a kafaɗa. Hanya fes, babu mota, babu keke, har can saman gangare. Na sa ƙafa a ƙasa na jira. Wata bas ta zo ta wuce. Hanya ta sake buɗewa, muryar ba ta zo ba. Na jira.

Mai jarida ya leƙo daga ƙarƙashin lemarsa. "Baba, lafiya? Keken ne?"

Na ce a'a, hutawa nake.

Na sake dubawa, na miƙa hannu, na shiga.

Aiki ya yi yawa yau, ɗakin haihuwa sun turo buhu a kan buhu. Ni da Dogo mun ninke su tas, ko ɗaya bai karkace ba. Da na dawo Maman yara ta karɓi hular ta dube ni. Ba ta tambaya ba, ni ma ban faɗa ba.

Ruwan nan ne, ina jin. Hular ma sabuwa ce, tana toshe kunne. Gobe zan sake saurarawa, bayan na duba.